Almakashin Hagu da Kujerar da Ke Zaure

Roni,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ko da yake yanzu haka ina jiyo ki daga ɗakin can kina kokawa da zif ɗin jaka. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Allah ya tsare ki a tafiyar gobe, ya tsare direba da mota da hanya, ya sa ki shiga Kano da ƙafar dama.

Za ki yi dariya, na sani. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya muke ci, amma ga Umma ta zauna tana rubuta miki wasiƙa sai ka ce kin riga kin yi nisa. Dalilina shi ne ni da ke ba mu iya doguwar magana ba. Kafin in kai tsakiya kin ce, "To Umma, na ji," idonki na kan waya, ni kuma zuciyata ta hau, in saki abin da na zo faɗa in koma faɗan kwanukan da ba ki wanke ba. Takarda ba ta da wannan matsalar. Na san za ki karanta ta har ƙarshe, ko don ki ga inda na yi kuskuren rubutu.

Ba zan cika ki da abin da kika riga kika ji ba. Babanki ya yi miki nasiha kan salla da zaman gidan mutane, Baffanki da za ki sauka a wurinsa shi ma ba zai bar ki ki huta ba. Shagon ɗinkin da ya samar miki gurbi an ce babba ne, kekunan lantarki ne a jere, kuma ba na shakkar hannunki, tunda a gabana ya faɗa. Ni magana ɗaya ce ta zaunar da ni, maganar kujerar nan da ke zaure.

Bari in tuna miki yadda aka yi, don ke kina cikin shewa, ni ce nake kallo. Ranar da ƙawayenki suka zo yi miki sallama, kuna tsakar gida, sai ga yayanki ya shigo da kujera a kafaɗa. Sabuwa fil, katakonta har ƙanshi yake, mazauninta ɗan taƙaitacce, ga majingina a baya. Ya ajiye ta a gabanki ya ce, "Ga wannan, ki tafi da ita wajen aiki." Wata cikin ƙawayenki, mai bakin nan da ba ya rufuwa, ta ce ai irin ta 'yan aji ɗaya ce. Ke kuma kika ce, "Haba Yaya! So kake tun daga bakin ƙofa 'yan Kano su san ni gajera ce?" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, har ya fi kowa, sannan ya ɗauki kujerar ya kai zaure, ya ce yana da fasinja a bakin kasuwa. Ba shi da wani fasinja, Safiya. Na leƙa daga baya na hango babur ɗinsa a gindin darbejiya, shi yana zaune a kai yana wasa da makulli.

Tun daga ranar kujerar tana zaure, kaji na hawa suna sauka. Kin ɗaure jaka, kin ɗaure ƙullin kuka da daddawar da za ki kai wa matar Baffanki, har dardumar sallarki kin naɗe. Ita ko kallonta ba ki sake yi ba.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ke gajera ce, kuma wannan ba zagi ba ne, gado kika yi a dangin babanki, ni ba ruwana. Tun da kika fara hawa keke a bakin benci kike ɗosana jiki, ki miƙe ƙafa kina taka feda da yatsu, bayanki a iska ba abin jingina. Da yamma ki zo ki baje a tabarmata ki ce in shafa miki man zafi. Kin ɗauka ni kaɗai na san wannan. To wata rana kin fita kai ɗinki, na fito daga madafa na tarar da yayanki durƙushe a gaban kekenki da karan dawa a hannu. Ya auna tsayin benci ya karya karan. Ya auna iya wurin da zamanki ya goge har ya yi sheƙi, ya karya wani. Da ya gan ni sai ya hau kame-kame, wai ɓera yake nema. Na ce Allah ya ba da sa'a, na wuce abina.

Sauran labarin matar kafintan da ya yi kujerar ce ta ba ni, don tana kawo mini ɗinki daga Kazaure. Ta ce yayanki bai tsaya nan ba. Ya bar acaɓarsa a lokacin da ake samun fasinja, ya je shagon wani tela mai irin keken lantarkin da za ki tarar a Kano, ya roƙi izini ya auna teburin da fedar da wani karan. Ya ɗauro kararen a bayan babur kamar wani abin kirki ya kai wa kafinta. Da aka gama ya ce majinginar ta yi nisa da baya, a sake. Aka sake, ya ce bakin mazaunin zai ci miki bayan gwiwa, a goge. Har sai da kafintan ya miƙa masa zarto ya ce in ya fi shi iyawa bismilla.

Kin san yayanki ɗan fari ne. Bakina ba ya kiran sunansa, balle in tsaya a gabansa in ce ya kyauta. Ranar da ya shigo da ita zuciyata ta cika, na so in ce wani abu, kunya ta riƙe ni, abin da ya fito daga bakina shi ne a kore kajin nan daga shanya. Iyakar abin da na iya ke nan. Godiyar nan a wajenki take, ba wanda zai yi ta a madadinki.

Ban ga baƙinki sosai ba, don na san inda dariyar nan ta fito. Ni na riga ki, kuma nawa ya fi naki, tunda ni ko dariyar ban yi ba, ɓoyewa na yi.

Kin taso kin gan ni ina yanka yadi da hagu, kin ɗauka haka nake yi tun asali. Ba haka ba ne. Muna yara a Kanya Babba, duk sanda na miƙa hagu sai na ji ludayi a bayan hannuna. Da haka na koyi ci da dama, karɓa da dama, rubutu da dama, kuma har gobe ina gode wa iyayena da wannan tarbiyya. Almakashi ne kaɗai ya ƙi. Da aka kawo ni gidan nan na fara karɓar ɗinki, sai na shiga wani hali. Kakarki Hajiya, Allah ya jiƙanta, kullum tana tsakar gida, mata na shigowa suna fita, ni kuma amarya ce mai son a ce ta yi hankali. In da mutane, sai in yanka da dama, yankan ya tafi a karkace in yi ta gyara a wajen ɗinki. In na keɓe, sai in koma hagu. Amma almakashin da muka sani na dama ne. In kin riƙe shi da hagu tauna yadi yake yi, bakinsa na sama ya rufe miki layin alli, ki yi ta matsawa da babban yatsa har ya yi kanta. Haka na zauna, ba wanda na gaya wa, har babanki.

Innarki Dije kin san ta da tsufa, ba ki san ta da ƙarfinta ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a lokacin tana fataucin tabarmi da kayan yaji, tana tsallakawa kasuwannin wajen Magarya, ta san sefa kamar yadda ta san naira. Ba ta iya ɗinki ba. In ta ɗinka maɓalli ranar Laraba, kafin Juma'a ya faɗi. Amma duk wani abu mai kyau da ya taɓa shiga akwatin kekena, in kin bi sawunsa, daga hannunta ya fito. Ba ta taɓa zuwa Roni ba tare da gwangwaninta na madara ba, kuma ba ta taɓa tambayata me nake buƙata ba. Sai dai ta zauna kusa da keke tana ɓarar gyaɗa, tana ba ni labarin mutanen gida, idonta na yawo. Zuwa na gaba in na buɗe gwangwanin sai in ga zare mai launin da ya ƙare mini, allura mai kauri ta ɗinkin yadin makaranta, alli, man keke, har da bel ɗin keke sabo a daidai lokacin da nawa ya fara sakin jiki. Nakan ce mata, "Yaya, ke duba kike yi ne?" Sai ta ce, "Ido gare ni, Kulu, kamar kowa."

Da na haifi yayanki ita ta zo ta zauna mini jego. Wata rana tana shafa mini mai a hannu, na ji ta tsaya a kan kantar nan ta yatsan hagu, ta ɗan murza ta, ta wuce. Aka daɗe, har yaro ya fara tafiya yana jan zaren kekena, sai ga ta da gwangwani kamar kullum, da wani abu kuma a naɗe cikin takardar siminti, an ɗaure da jan zare. Ta tura mini shi ƙarƙashin filo ta ce, "Kulu, ki buɗe in kin keɓe."

Almakashi ne, amma bakinsa a juye, mariƙinsa an yi shi don yatsun hagu. Ni ban ma san ana yin irinsa a duniya ba. Daga baya na ji irin wahalar da ta sha. Ta bi 'yan koli rumfa rumfa tana kwatance, suna yi mata dariya, wani ya ce mata ta juya yadin mana. Ta samu wani mai zuwa Damagaram ta ba shi saƙo, ya kawo na dama, ta mayar masa, ya sake tafiya da saƙon. Da na gwada shi a wani ƙyalle, Safiya, wucewa kawai ya yi, ba tauna ba gardama, ina ganin layin alli tun daga farko har ƙarshe. Sai da na yi hawaye ni kaɗai a ɗaki.

To kin san abin da na yi bayan hawayen? Na mayar da shi cikin takardarsa, na ɗaure, na tura shi can ƙasan akwati ƙarƙashin atamfofin lefena. Na gaya wa kaina wai ya yi kyau da yawa, a adana shi. Gaskiyar ita ce kunya ce ta kama ni. Abin da na yi shekaru ina rufewa, ga wata ta gan shi sarai, har ta je kasuwa ta yi ta kwatanta shi ga maza. Kuma in na fito da shi tsakar gida, kowa ya sani ke nan. Da za ta tafi na ce mata an gode, Allah ya saka da alheri, irin godiyar da ake yi wa wanda ya kawo goron suna.

Zuwanta na gaba ta shigo da atamfa a hannu. Hajiya na zaune a inuwa tana tsintar wake. Innarki ko ruwa ba ta gama sha ba ta shimfiɗa atamfar a tabarma ta ce, "Kulu, yanka mini riga yanzu a gabana, ba kwana zan yi ba." Na yi awo, na ja alli, na ɗauko tsohon almakashina da hannun dama. Ta ce, "Ba wannan ba. Ɗauko wanda na kawo." Na shiga ɗaki na yi ta fidda atamfofi, na fito da shi a cikin takardarsa. Ta karɓa ta kwance, ta juya shi, ta ga ko ɗigon mai bai taɓa gani ba, ko zare ɗaya bai maƙale a bakinsa ba. Na jira faɗa. Sai ta ce a hankali, yadda Hajiya ba za ta ji ba, "Ashe bai yi ba. Ai da kin faɗa mini, da na sake nema."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ban san sanda na durƙusa na karɓe shi da hagu na shiga yanka ba. Na kai ƙarshen layi na ɗago ina jiran abin da Hajiya za ta ce. Ta ajiye farantin wake, ta riƙe haɓa ta ce, "Au! Dama ke bahaguwa ce? Shi ya sa wuyan rigunana duk suka karkata gefe guda, ni ina ta zargin kafaɗata!" Innarki ta yi dariya har da faɗuwa a tabarma. Hajiya ta ƙara da cewa, "Yarinya, ai ci da karɓa aka ce a yi da dama. Wa ya hana ki neman halalinki da hannun da Allah ya sa wa ƙarfi?" Ta koma kan wakenta, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Abin da na yi shekaru ina tsoro ke nan.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, 'yata, shi ne mai irin wannan kyautar, in kika ajiye ta gefe, ba cewa yake kin yi butulci ba. Kansa yake tuhuma. Yanzu haka na tabbata yayanki yana can yana tunanin ko awon ne bai yi daidai ba, ko da fenti ya sa aka shafa mata, ko bai kamata ya kawo a gaban mutane ba. Kuma "an gode" ba ta warkar da wannan. Shi so yake watarana ya ga kujerar nan ta goge, ta yi sheƙi a inda kike zama. Su kuwa 'yan shagon da kike jin kunyarsu tun ba ki gan su ba, wataƙila wata ta yi dariya ranar farko. Ki bar ta ta yi. Duk mai ɗinki ciwon baya gare ta, ba za a daɗe ba za ki ji ana tambayar ki wane kafinta ne.

Kada ki ɗauka daga nan na yi hankali. Bayan almakashin nan hannuna ya saki, yankana ya miƙe, ɗinki ya fara zuwa har daga ƙauyukan Gwiwa. Sai wani sabon shirme ya same ni. Na ce ni ma yanzu ina da abin hannuna, ba zan zauna kullum ana ba ni ba. Na mayar da yayata kamar ƙawar biki, wadda in ta kawo miki a sunanki sai kin kai mata fiye da haka a nata. Ta kawo zare, in aika da kwanon gyaɗa. Ta kawo zif da maɓallai, in aika da man shanu. Wani lokaci kafin ta isa Kanya Babba ramuwata ta kusa riga ta. Ina jin daɗin kaina, ina ganin na iya zumunci.

Ranar da ta kawo mini tef ɗin awo mai ƙarfe a baki, na kama wani jan zakara na ba wata mata mai zuwa kasuwar Ɓaɓura ta kai mata. Washegari sai ga matar da zakaran a hammata, ƙafafunsa a ɗaure, ransa a ɓace. Ta ce, "An ce in gaya miki, ita ba ƙawar bikinki ba ce. Nono ɗaya kuka sha." Muka yanka zakaran muka ci, amma ni naman bai yi mini daɗi ba.

Na rasa yadda zan yi, sai na shirya na tafi Kanya Babba hannu biyu, ba ƙulli ba kwano. Na zauna mata kwanaki. Na ce bari in gwada irin nata, in yi shiru in buɗe ido. Wallahi abin da wuya, don ni bakina ya fi idona sauri. Amma a hankali na lura duk sanda za ta sa riga sai ta juya wa mutane baya ta fuskanci bango, ta cije leɓe. Ɗaukar kaya ya cinye mata kafaɗar dama, hannun ba ya ɗaguwa sama sosai, ita kuwa duk rigunanta ta ka ake zura su. Na dawo gida na ɗinka mata riguna masu buɗewa ta gaba, na jera musu maɓallan da ita da kanta ta kawo mini, manya waɗanda ba sa wahalar ɓallawa. Har yau ba ta ce mini ta gode ba. Sawa kawai ta yi ta yi har suka koɗe, ta aiko mini da ɗaya a cikin gwangwani ta ce a yi mata irinta. Ban taɓa jin daɗin wani ɗinki kamar wannan ba.

Na kawo miki wannan ne don na ji abin da kika ce wa ƙawarki a bakin ƙofa, cewa in kin fara samu za ki aiko wa yayanki da turare mai tsada, shi ke nan kun yi daidai. Turare ba laifi ba ne, ki aiko, dama warin fetur ya ishe mu. Amma kada ki aiko don ki sauke nauyi. Ɗan'uwa ba a gamawa da shi. In kina son ki yi masa wani abu, ki kalle shi yadda ya kalle ki. Ni na san abin da yake damunsa a kan babur ɗin nan, abu ne da mai keke za ta iya magancewa da yadi kaɗan, amma ba zan faɗa miki ba. Gobe za ki zauna a bayansa tun daga Roni har Kazaure, ki ajiye waya ki duba da kanki.

Shirmena na uku kuwa ko wata bai yi ba, don ki san furfura ba ta gama gyara ni ba. Da labarin tafiyarki ya isa Kanya Babba, Innarki ta aiko da gwangwani. Yanzu ƙafa ta hana ta fatauci, amma gwangwanin bai daina zuwa ba. Na buɗe na ga tabarau na karatu, da wani ɗan siririn ƙarfe da ake zura zare a allura da shi. Mai kawo saƙon ta ce wai Innarki ta sa an kawo mata tabarau kala kala ta gwada a idonta, ta zaɓi wanda bai kai nata ƙarfi ba, tunda ni ƙanwa ce. Nan take na kira ta a waya ina dariya, irin dariyarki ta ranar nan sak. Na ce, "Yaya, kin mayar da ni tsohuwa ke nan? Ni idona garau yake."

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kulu, in Safiya ta tafi, wa zai zura miki zare?"

Ke kin sani, ni ma na sani, an daɗe rabon da in zura zare da kaina. Kullum sai in ce, "Safiya, zo ki zura mini, hannuna da mai," ko in ce hasken ɗakin ne bai isa ba. Ke kuma ki zo ki zura ba ki taɓa tona ni ba, Allah ya yi miki albarka. Innarki zuwa ɗaya ta yi bara ta gani. Ni ina ta lissafin abin da za ki tafi da shi, ita tana can tana tunanin abin da za ki bari a nan. Ranar na fara yarda cewa da gaske tafiya za ki yi, kuma zan yi kewarki ƙwarai, ba don zare kaɗai ba.

Yanzu haka tabarau ɗin ne a idona nake rubuta miki wannan. Babanki ya ce na yi kama da malamar asibiti mai faɗa, na ce ya yi ta faɗi. Jiya na sa an ɗauke ni hoto da shi a gaban keke an tura wa jikar Innarki ta nuna mata. An ce ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya ɗan zame mini a hanci, za ta aiko da igiya.

Ni dai alhamdu lillahi. Ban yi arzikin a zo a gani da ɗinki ba, amma na rufa wa kaina asiri, na yi muku kayan salla da hannuna kowace shekara, kuma Allah ya ba ni 'yar'uwar da ta san ni fiye da yadda na yarda a san ni. In na buɗe akwatin kekena ita nake gani ta ko'ina. Abin da nake yi miki fata ke nan. A birni za ki haɗu da masu kyauta iri iri, wasu don a gani, wasu don su saye bakinki, wasu kuma da zuciya ɗaya. Ki karɓi ta kirki da hannu biyu, ki yi hattara da sauran. Amma wanda zai durƙusa a gaban bencinki da karan dawa ba za ki same shi da yawa ba, kuma naki a gida yake.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa kin san su. Ragowar yadin mutane ki mayar musu ko da tafin hannu ne. Kada ki yi alƙawarin ranar da kin san ba za ki gama ba, musamman gab da salla. Ki ci abinci kafin ki hau keke, don na san halinki. Ki riƙa kiran Innarki, ba sai da dalili ba.

Kujerar na wanke ta da safen nan, na kore kajin. Na ɗinka mata ɗan matashi da ragowar atamfarmu ta sallar bana, taki da tawa, kuma da almakashin hagun nan na yanka. Tana nan a zaure ta hannun dama in za ki fita. Ba zan sake yi miki maganarta ba, ba kuma zan sa a ɗora ta ba da saninki ba. Ke ba yarinya ba ce, kayanki ne.

Abu ɗaya kawai zan ƙara. Ɗazu yayanki ya dawo daga Kazaure da sabuwar robar ɗaure kaya, doguwa, yana naɗa ta a bayan babur. Babanki ya ce masa, "Kai, jaka ɗaya ce fa, me za ka yi da wannan uban tsayi?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, ko za a samu ƙarin kaya." Gobe da safe ba zai tambaye ki ba, na san shi. Zai tsaya a ƙofar gida ne kawai, ya ga da me za ki fito.

Allah ya yi miki albarka, Safiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa wa hannunki albarka, ya kare ki daga sharrin da kika gani da wanda ba ki gani ba. Allah ya bar ku tare ke da ɗan'uwanki bayan ba mu. Allah ya kai ki lafiya, ke da kayanki duka, har da wanda ba ki ɗaure ba tukuna. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ummanki,
Hauwa Kulu